Wanda Zai Fara Zuba wa Baba Ƙasa

Baba ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Uke, kansa a kan cinyata. Kafin rana ta take gidan ya cika. Matan zumunta na majami'a ne suka fara zuwa cikin zanensu iri ɗaya, suka baje a tsakar gida suka kama waƙa. Kowace ta shigo sai ta riƙe min hannu ta ce, "Sai haƙuri, Malama, ya gama aikinsa, ya tafi hutu." Ni kuma in ce na gode. To me zan ce? Dattawan ikilisiya suka jeru a benci ƙarƙashin mangwaro suna gyaɗa kai, wannan ya ce bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba, wancan ya ce irinsu sun ƙare. Duk gaskiya suka faɗa, amma ni a ranar gaskiyar ma haushi take ba ni.

Gwaggo, yayar Baba, ba ta yi waƙa ba. Ita tun farko ba ta taɓa taka ƙofar majami'a ba, tana nan kan al'adar kakanninmu Gbagyi. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana duban fuskarsa, ta fito ta tsaya a tsakiyar mutane ta ce da yarenmu, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka rabar da kanka kaf, yanzu ga ragowar an bar mana mu binne." Matan zumunta suka ƙara murya don su rufe ta. Gwaggo ta harare su ta nemi turmi ta zauna.

Washegari wani tsoho ya sauka daga motar Garki, mutumin arewa ne, Musulmi, mai sayar da rake. Ya ƙi shigowa, ya tsugunna a ƙofar gida ya aika a kira ni. Ya ce, "Malama, ba ki san ni ba. Da na zo Garki ina leburanci ba ni da inda zan yi alwala. Mahaifinki ya ga ina neman ruwa a gefen gonarsa, washegari na tarar da buta cike a gindin ɗorawa. Shekara huɗu ban taɓa samun butar nan a bushe ba, kuma bai taɓa ce min ga abin da addininsa ya ce ba. Allah ya ba ku haƙuri." Ya ajiye min ɗaurin rake ya juya. A nan ne na fara kuka tun da aka yi rasuwar.

Da yammacin ranar ƙanena ya iso daga Nyanya. Shekara bakwai rabonsa da gidan Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa, ya ce, "Yaya," sai ya durƙusa a nan inda yake. Gwaggo ta tashi daga kan turmi ta rungume kansa tana cewa, "Ga mai zuba ƙasa ya zo. Yanzu sai a binne ɗan'uwana kamar mai 'ya'ya." Kowa ya ce madalla. Ni kuwa na zame na koma ɗaki.

Ga dalili. A wurinmu, in an saka gawa a kabari ba wanda zai taɓa ƙasa sai babban ɗa namiji ya ɗiba da hannunsa ya zuba. Bayansa sauran 'ya'ya, sannan dangi, sannan masu shebur. Al'ada ce tun kafin bishara ta zo, ikilisiya ta same ta ta bar ta. Wanda ya fara zuba ƙasa, shi ne aka shaida a gaban duniya cewa ɗa ne. Mu biyu Baba ya haifa, ni da ƙanena, don haka ba wanda ya tsaya tambayar ko wane ne zai fara. Amma kwana biyu kafin ya cika, Baba ya bar min sallahu cewa ba ƙanena zai fara ba, wani ne daban, mutumin da ya tsaya wa a baftisma. Kuma ni kaɗai na ji. In na yi shiru, ba wanda zai sani sai ni da Allah. In na faɗa, ƙanena da ya dawo yau zai sake tafiya, kuma wannan karon ban ga abin da zai dawo da shi ba.

Zan zo kan abin da na yi. Amma sai na fara faɗin wane ne Baba, don takardar da aka raba a jana'iza ta gama da shi a rabin shafi, da Turanci, yaren da bai taɓa yin addu'a da shi ba.

Manomin doya ne. Gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa in ya shafa maka kai sai ka ji kamar buhu. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Yana karatu da yatsa, a hankali, leɓensa na motsi. In yana addu'a ba ya rufe ido, kuma in an tambaye shi sai ya ce wanda yake magana da shi ai ba a ɓoye yake ba. Sabuwar doya ba ta shiga tukunyarmu sai ya zaɓi mafi girma ya kai majami'a an yi godiya a kanta. Ko da yunwa ta kai mu ina, ko da ta maƙwabta tana ƙamshi a wuta, haka za mu haɗiye yawu har Lahadi.

Abin da ya bambanta shi da sauran dattawa shi ne, in ya ce maka ɗan'uwa a majami'a, to har gida yake nufi. Cewa yake duk wanda ke aikata nufin Uba shi ne danginsa, jini kuwa kyauta ce aka ƙara masa a kai. Maganar daɗin ji gare ta a wa'azi. Amma ka zo ka zama ɗan mai faɗinta. Gidanmu kamar tasha yake, ban taɓa sanin baki nawa za a raba wa tuwo ba sai an sauke tukunya. Zanen da Inna ta saya min na Kirsimeti, sau ɗaya na ɗaura, na gan shi a jikin 'yar wata gwauruwa. Da na yi kuka Baba ya ce, "Uwata, ai 'yar'uwarki ce." Na ce ni ban san ta ba. Ya ce, "To yau kin san ta." Haka yake, ba faɗa, ba zagi, kuma ba ka isa ka juya shi ba.

Sai aka ce za a ɗauko gwamnati daga Legas a dasa ta a kan gonakinmu. Da farko dariya muka yi. Sannan muka wayi gari muka ga mutane suna kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar dawa, a bayan ɗakuna, har a makabarta. Samarin gari suka taru za su tumɓuke su. Baba ne ya hana. Ya tsaya a majami'armu ta ƙasa, wadda shi da hannunsa ya yaɓa mata bango, ya ce, "In Mai gona ya ce tashi, ɗan ƙodago ba ya cewa ban gama kunyata ba." Mutane suka saurare shi don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Aka rushe unguwarmu aka matsa da mu gefe. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Kabarinta yanzu yana ƙarƙashin wani titi a Garki, na san wurin, kuma duk sanda na bi ta nan a mota sai in ɗage ƙafafuna ba tare da na sani ba. Na taɓa faɗa wa Baba haka. Ya ce ranar tashin matattu kwalta ba za ta hana kowa fitowa ba.

Gona ɗaya ta rage mana, a kan wani ɗan tudu da aikin bai kai ba tukuna. A cikin waɗannan shekarun ne mutumin ya shigo rayuwarmu. Ƙaramin akawu ne, cikin rukunin farko da aka turo daga Legas tun ba a gama gina musu gidaje ba. Wata Lahadi ya shigo majami'armu yana rawar ɗari, ba ya jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa, kafin a tashi ya zube a ƙasa. Baba ya goya shi a baya har gida. Gadon ƙanena aka ba shi, ƙanena ya koma tabarma, a lokacin saurayi ne har ya fara tsaga nasa kunyoyin. Wata uku ni nake dama masa kunu. Ba zan yi masa ƙarya ba don yau ina jin haushinsa: yaro ne mai ladabi, yana ɗebo ruwa, yana bin Baba gona ranar Asabar yana kwaɓa Hausarsa ana dariya. Da ya nemi baftisma, Baba ne ya shiga rafi da shi har ƙugu, ya tsaya masa a gaban fasto da jama'a. Da suka fito Baba ya ɗaga hannunsa sama ya ce, "Yau an ba ni ɗa." Ina tsaye kusa da ƙanena, na ga yadda ya sunkuyar da kai.

Shekaru suka tafi. Ɗan baftisma ya samu gida a Garki, ya yi aure, ya haura a wurin aiki har aka mai da shi wani ofishi da ke rabon filaye, ana ce masa oga. Majami'armu ta ƙasa ita ma ta haura. Baƙi suka yi yawa, aka rushe ta aka gina babba, aka mai da sujada Turanci, mu masu Hausa aka ba mu ƙarfe shida na safe mu yi mu ba da wuri. Baba kuwa sai ma murna yake wai gidan Uba ya cika.

Wata Asabar ɗan baftisma ya zo gaisuwa da matarsa. Mu manoma in muna son mutum, gonarmu muke nuna masa, shi ne babban karamcinmu. Baba ya ja shi har tudun nan, ya gasa musu tsohuwar doya a gindin ɗorawa, ya zaga da shi kusurwa huɗu yana yabon ƙasar kamar mai yabon 'yarsa. "Ka ga nan? Ruwa ba ya kwanciya. Ko kwana uku aka yi ana zuba, da safe za ka taka da takalmi. Ƙarƙashi dutse ne, ba ya zaizayewa. Ga iska ta ko'ina." Ina wurin, ni na kai musu manja. Na ga baƙon ya tsaya yana duban gabas da yamma, yana tambayar ina iyakar take, Baba kuwa sai ƙara nuna masa yake da sanda. Wayyo Baba! Kai kana nuna gona, shi yana ganin inda za a kafa harsashi.

Damina ta gaba, saura kamar mako uku a fara haƙa, ƙanena ya tafi gona da sassafe ya tarar da katafila tana aiki. Doyar shekara guda, har da irin da za mu shuka baɗi, duk an farfasa ta an tura gefe, fara fat a cikin jar ƙasa. Ya tambayi leburori filin waye. Suka faɗa masa.

Da adda ya fito daga ɗaki a ranar. Baba ya tsaya a ƙofa, bai taɓa shi ba, tsayawa kawai ya yi har ƙanena ya jefar da addar. Bayan kwana biyu ɗan baftisma ya zo da buhun shinkafa a bayan mota. Ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban san za su fara yanzu ba, na ce su jira girbi. Filin an riga an sa shi a takarda, in ban karɓa ba wani zai karɓa. Gara naka ya samu." Kuma abin da ya fi ƙona min rai, da gaske yake faɗa, har da hawaye. Baba ya ɗaga shi ya ce, "Ƙasa ta Ubangiji ce, ya ba wanda ya ga dama." Gwaggo da ke gefe ta ce, "Kaza ke nan, ci ki goge baki." Baba ya ce mata ta yi shiru a gaban ɗansa.

Lahadin da ta biyo baya ranar jibin Ubangiji ce, ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a majami'a, kuma a ranar jibi ana haɗa mu da masu Turanci. Baba a matsayinsa na dattijo shi ke zagawa da ƙoƙo. Ina kallo ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ya iso gaban mutumin nan, ya miƙa masa da hannu biyu. Ƙanena ya miƙe daga bencin baya ya fita, ƙofar ta bugu har fasto ya ɗago kai.

Da muka koma gida ya tare Baba a tsakar gida, ko rigar sujada bai cire ba.

"Baba, yau sai ka zaɓa. Ko ni ko shi."

"Ba a ba ni zaɓi ba," in ji Baba. "Kai na haife ka, ba abin da zai kankare wannan. Shi kuwa na tsaya a ruwa na yi alkawari a kansa. In ya yi daidai ɗana ne, in ya yi laifi ɗana ne."

"Ya cinye gonarmu!"

"Nufin Allah ne."

"Ba Allah ba ne ya sa hannu a takardar, Baba, ɗanka ne! Ka ba shi gadona na yi shiru. Ka kira shi ɗa a gaban mutane kamar ba ka da wani, na yi shiru. Yau ba ni da inda zan sa garma, kana ce min nufin Allah. To shi ke nan, tunda shi ne ɗanka, ranar da ka mutu shi ya zuba maka ƙasa."

Na daka masa tsawa, na ce ya janye maganar. Bai janye ba. Ya tattara 'yan kayansa a buhu ya tafi Nyanya, ya fara da kwandasta har ya zama direba. Mu kuma da rani muka kwaso zuwa Uke, inda dangin Inna suka ara wa Baba wata fadama da ba ta karɓar doya sosai. Mutumin da ya shekara hamsin yana kai babbar doya majami'a ya koma yana kai 'yan ƙanana kamar dankali, kuma da fara'arsa.

Duk Lahadin jibi sai Baba ya tafi Garki, wai a can aka san shi. Hanya kuwa sai ta tashar Nyanya. Ƙanena bai taɓa fitowa ya gaishe shi ba, amma duk sanda Baba ya sauka sai wani direba ya zo ya karɓi sandarsa ya sa shi a kujerar gaba. Baba ya kan dawo ya ce min, "Uwata, mutanen tashar nan akwai ladabi, kullum gaba suke ba ni." Sai ya kalle ni, ni ma in kalle shi. Ya sani sarai aikin ƙanena ne. Na ce masa, "Baba, ka taka ka same shi mana, naka sai naka." Ya ce wanda ya fita da ƙafarsa ya san hanyar dawowa. Nan ne nake cewa Baba ba waliyyi ba ne, duk abin da dattawa za su faɗa. Zai iya goya baƙo a baya, amma ba zai iya taka taku ashirin a cikin tasha ya ce wa ɗansa zo mu tafi gida ba.

A Garki kuwa, ɗan baftisma ya zama babba a ikilisiya, yana zama a gaba. In an tashi sai ya zo ya durƙusa ya gaida Baba, ya nuna shi ga abokansa ya ce, "Babana ke nan." Sau ɗaya bai taɓa zuwa Uke ba. Shekarar da shugaban ƙasa ya tare a sabon birni aka cika tituna da tuta, ni abin da na riƙe daga shekarar shi ne ƙafafun Baba sun fara kumbura.

Ranar da ya bar min sallahun, Lahadi ce da rana, mutane duk suna sujada, ni na zauna da shi. Ya ce in matso. Ya ce, "Uwata, in an sa ni a rami, ɗan baftismata ne zai fara zuba ƙasa. Ki faɗa musu."

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Maganar da ɗanka ya faɗa cikin fushi ita ka riƙe shekara bakwai?"

Ya girgiza kai. "Ba ramuwa ba ce. Ƙanenki yana jin zafi, kuma mai jin zafi da ransa. Wancan ba ya jin komai. Bai ma san ya ɓata ba. In ya ɗebi ƙasa da hannunsa a gaban mutanen da ya ci gonarsu, aka kira shi ɗan fari, wataƙila abin ya taɓa shi. Na daɗe ina addu'a a kai, wannan aka nuna min."

"In kuma ka rasa mai jin zafin fa?"

"Ba ni na zaɓa ba," ya ce. Ya kamo hannuna ya sa a nasa. "Ce to."

Na ce to. Har yau ban sani ba ko muryar Allah ce Baba ya ji, ko kuwa taurin kan tsoho ne ya sa rigar addu'a. Na juya abin ta kowace fuska ban samu amsa ba.

Kwana huɗu ina da su tsakanin zuwan ƙanena da jana'iza. Da na ja shi gefe na faɗa masa mu biyu, da wataƙila ya yi fushi ya huce. Ban yi ba, tsoro ya hana ni. Ina ganinsa yana ɗaukar benci, yana zaɓen inda za a haƙa kabari, yana zaune a ɗakin Baba riƙe da garmarsa, sai in ce gobe.

Ɗan baftisma ya aiko cewa a babbar majami'ar Garki za a yi sujadar jana'iza, shi ya ɗauki nauyin mota da akwati. Haka aka yi. Ya hau mumbari ya yi jawabi da Turanci, ya ba da labarin yadda Baba ya goya shi, ya yi kuka har aka riƙe shi. Gona dai ba ta fito a jawabin ba. Da aka tashi na kutsa na kama hannun rigarsa na ce, "Ka biyo mu Uke, akwai abin da Baba ya bar maka." Ya ce, "Dole, 'yar'uwa, ina bayanku." Da muka isa, direbansa ne ya sauke furanni ya ce oga ya tsaya wani ɗan taro, yana nan tafe.

Aka saukar da akwati. Faston Uke ya yi addu'a, ya rufe littafi ya ce, "Babban ɗa ya matso." Ƙanena ya tako, ya sunkuya, ya cika hannunsa da ƙasa. Na dubi hanya, ba mota. Da zan bar shi ya buɗe hannun nan, da shi ke nan, an gama, ina da ɗan'uwa. Amma ni ce na sa hannuna a na Baba.

Na ce, "Dakata."

Na faɗa a gaban kowa, yadda aka faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, mamaci ne zai tashi ya tuhume ki? Da kin haɗiye!" Ƙanena ya daɗe yana duban akwatin, sannan ya juyo ya kamo hannuna, ya buɗe tafina ya juye min ƙasar a ciki. Ya ce, "Riƙe masa, Yaya." Ya kakkaɓe hannunsa a wando, ya ratsa mutane ya nufi titi. Ban bi shi ba.

Muka tsaya a rana muna jira. Matan zumunta suka yi waƙa har ta ƙare musu suka sake daga farko. Duk motar da ta rage gudu a titi sai kawuna su juya. Da rana ta karkata fasto ya zo ya ce min a hankali ba a barin kabari a buɗe. Masu shebur suka fara. Haka aka rufe Baba, mutumin da ya ce duk ikilisiya danginsa ne, ba hannun ɗa ko ɗaya a ƙasarsa. Ni ma ban zuba tawa ba, don bayan na fari nake. Na ƙulle ƙasar nan a bakin zanena na kawo gida na juye a kwano.

Sau biyu na je Nyanya aka ce min ƙanena yana hanya. Na uku na same shi a jikin motarsa yana kiran fasinja. Na tsaya a gabansa. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Madam, ina za ki?" Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na je gidan ɗan baftisma ma, a kan tudunmu, bene mai katanga. Ɗorawar ba ta nan. Ya karɓe ni hannu biyu, da na faɗa masa sallahun Baba ya rufe fuska ya yi ta kuka, ya ce bai cancanta ba. Na ce masa ni ma na san bai cancanta ba, amma ba ni aka tambaya ba. Ya ce da yardar Allah ranar Asabar zai zo ya zuba. Asabar biyar ke nan.

Masu zuwa gaisuwa har yanzu suna ce min na yi biyayya, Ubangiji zai saka min. Don Allah ku daina. Biyayyar na yi, amma ban ji daɗinta ba, kuma ba na son a yaba min. Baba, wanda ka bauta wa da ido buɗe ya karɓe ka, ya ba ka hutun da ba ka ba kanka ba. In kuskure ka yi ya gafarta maka, in kuma daidai ka yi ya nuna min, don daga nan inda nake ban gani ba.

Damina ta faɗi, kabarin ya soma zama. Jiya maginin unguwarmu ya zo ya ce in za a ɗaure shi da siminti gara a yi kafin ruwa ya yi ƙarfi, don in an ɗaure ba sauran zuba ƙasa. Na ce masa ya bari sai bayan Asabar.